Tulun Nag Hammadi: Muryoyin Da Suka Kwana Shekara 1,600 A Ƙarƙashin Ƙasa

A cikin kalmomin da Bahaushe ke jifan abokin jayayya da su, kaɗan ne suka kai "zindiƙi" nauyi. Sai dai in ka tambayi mai jifan asalin kalmar, iyakar amsar da zai ba ka ita ce Larabci ce. To, Larabawan ma aro ta suka yi daga tsohon Farisanci, inda ake cewa "zandik". Mafi yawan masana suna danganta ta da "zand", wato sharhin da ake yi wa littafin Majusawa, kuma tun ƙarni na 3 miladiyya ake laƙaba ta ga mabiyan wani mutum mai suna Mani. Ke nan kalmar da ake ji a wa'azin bakin kasuwa a Kano ko Sakkwato tana ɗauke da ragowar wata rigimar aƙida da aka yi a Iraƙi da Farisa shekaru fiye da 1,700 da suka wuce. Wannan rigima da ire-irenta nake son mu leƙa a wannan maƙala, domin a 'yan shekarun nan na lura ana yawan ɗauko sunayen mutanen wancan zamani a muhawarar addini, alhali masu ɗauko su ba su karanta ko shafi guda na abin da suka rubuta ba.

Labari daga bakin maƙiyi

A ƙarni na 2 da na 3 miladiyya, addinin Kirista bai zauna da gindinsa a kan aƙida guda ba tukuna. A Iskandariyya da Roma da Siriya akwai malamai masu almajirai, kowa da irin fahimtarsa game da Allah da halitta da Almasihu. Daga cikinsu akwai wani rukuni da suka ce tsira tana samuwa ne ta hanyar wani sani na ɓoye, wanda a Girkanci ake kira "ginosis". Marubutan Larabci na zamani suna kiran tafarkin Gunusiyya, kuma da wannan suna zan ci gaba da kiransa. Girkanci yana da kalmomi fiye da ɗaya na sani, kuma wannan da suka zaɓa ta fi karkata ga sanin da mutum ke yi wa abin da ya haɗu da shi ido da ido, kusa da bambancin da Balarabe ke yi tsakanin ilimi da ma'arifa.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, kusan duk abin da duniya ta sani game da waɗannan mutane daga bakin maƙiyansu ta ji shi. Babba a cikin maƙiyan shi ne Ireniyus, bishop na birnin Liyon a ƙasar Faransa ta yau, wanda wajen shekarar 180 ya wallafa littafi mai juzu'i 5 yana yi musu raddi. Bayansa Tartuliyan na Kartaj da Efifaniyus na tsibirin Kubrus suka ɗora. A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi jan hankalina a rubutunsu shi ne yadda suka juya kalma guda. A Girkancin farko "hairesis" tana nufin zaɓi, ko makarantar tunani irin ta masu falsafa, kuma babu zagi a cikinta. A hannun waɗannan malamai ne ta koma tana nufin bidi'a da ɓata, kuma da wannan ma'ana harsunan Turai suka gaje ta. Wanda ya samu ikon canza ma'anar kalma, ya ci rabin shari'a tun kafin a zauna.

Amma Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Bakin masu wannan waƙa kuwa an rufe shi, domin bayan addinin Kirista ya zama na gwamnatin Rum a ƙarni na 4, an daina kwafar littattafansu, waɗanda suka rage kuma aka hana karanta su.

Tsintuwar manomi

A watan Disamba na 1945, wani manomi a kudancin Masar ya tafi haƙar taki a gindin dutsen Jabal al-Tarif, kusa da garin Nag Hammadi, sai fartanyarsa ta ci karo da wani babban tulu da aka liƙe bakinsa. Kamar yadda masani James Robinson ya tattaro labarin daga baya, da farko manomin ya ji tsoron fasawa kada aljani ya fito, sannan kwaɗayin zinari ya rinjayi tsoro. Abin da ya tarar kundaye ne masu bangon fata, an rubuta su a kan takardar da Misirawa ke yi da wata ciyawar bakin Nilu. An ce mahaifiyarsa ta hura wuta da wasu shafuka. Akwai masanan da ke shakkar wasu sassan wannan labari, amma kundayen kansu babu mai musun su: guda 12 ne, da wasu shafuka na na 13, kuma suna ɗauke da rubuce-rubuce 52.

Fitowarsu daga ƙasa ba ta sa sun isa ga masu karatu nan da nan ba. Dillalan kayan tarihi suka rarraba su, gidan tarihin Ƙibɗawa na Alƙahira ya sayi kundi ɗaya a 1946, wani kundin kuma aka yi fasa-ƙwaurinsa zuwa Turai, inda aka saya wa cibiyar Jung ta birnin Zurik a 1952. Siyasar Masar da kishi tsakanin masana suka jinkirta aikin kusan shekara 30. Sai daga 1972 gwamnatin Masar da hukumar UNESCO suka fara buga hotunan shafukan, a 1977 kuma cikakkiyar fassarar Ingilishi ta fito a ƙarƙashin jagorancin Robinson. Ya kamata mai karatu ya bambanta waɗannan da naɗaɗɗun littattafan Tekun Gishiri da aka fara ganowa a Ƙumran a 1947. Waɗancan na Yahudawa ne, mafi yawansu da Ibrananci da Aramiyanci, kuma ba su da alaƙa da Gunusiyya.

Harshen kundayen ɗan'uwan Hausa ne

An rubuta kundayen da Ƙibɗanci, wato mataki na ƙarshe na harshen Misirawan zamanin Fir'auna. Masu rubuta shi sun ari haruffan Girkanci 24, suka ƙara shida ko bakwai, gwargwadon karin harshe, daga tsohon rubutunsu domin sautukan da Girkanci ba shi da su. Dabara ce irin wadda aka yi wa bokon Hausa da aka ƙirƙiro ɓ da ɗ da ƙ. Kusancin ya wuce na rubutu. Tun aikin Joseph Greenberg da ya kammalu a littafinsa na 1963, masana sun yarda cewa harshen Masar na da, da Hausa, da Larabci, da harsunan Buzaye duk 'yan gida ɗaya ne. Baƙibɗe yana ce wa ƙashi "kas", yana ce wa harshe "las", yana ce wa huɗu "ftou", mutuwa kuma "mu". Alamar tamace a wajensa "t" ce, kamar "ta" ta Hausa, kuma "k" ke nuna namijin da ake magana da shi, kamar "ka". Ɗalibin da ya tashi da Hausa a baki ya riga Bature shiga wannan harshe da taku da yawa.

Wani abin lura shi ne, dukkan rubuce-rubucen fassara ce daga Girkanci. Hujja mai ƙarfi ta zo daga Linjilar Toma, wadda tarin zantuka 114 ce da aka jingina wa Almasihu, babu labarin haihuwa ko mu'ujiza ko gicciye a ciki. Da aka karanta ta, sai aka gane cewa wasu guntayen takardu na Girkanci da Grenfell da Hunt suka tono a jujin tsohon garin Oksirinkus a 1897 da 1903 ɓangarorinta ne. Masu fassarar kuma ba duka gwanaye ba ne. A kundi na 6 akwai ɗan yanki daga littafin Jamhuriya na Aflatun, wanda aka fassara shi a karkace har masana suka ɗauki lokaci kafin su gane ko na wane ne. Duk wanda zai kafa hujja da jimla daga waɗannan littattafai, to ya sani yana riƙe ne da fassarar Ingilishi ta fassarar Ƙibɗanci ta asalin Girkanci da ya ɓace. Magana ta ratsa bakuna uku kafin ta iso gare shi.

Me suka yi imani da shi?

Tambayar da ta hana su barci tsohuwa ce: idan Mahalicci mai alheri ne kuma mai iko, daga ina sharri ya fito? Amsar da suka bayar ita ce ta raba su da sauran Kiristoci da Yahudawa. A littafin da ake kira Asirin Yohanna, wanda kwafinsa uku ke cikin tulun, ɗaya kuma a wani kundi da aka saya a Alƙahira a 1896 yana Balin, an ce akwai Ubangiji maɗaukaki wanda ba ya siffantuwa kuma bai taɓa hannu a halittar wannan duniya ba. Daga gare shi wasu halittu na haske suka ɓuɓɓugo daki-daki. Ta ƙarshensu, mai suna Sofiya, wato Hikima, ta so ta haifar da wani abu ba da yardar abokin zamanta ba, sai ta haifi wani mummunan halitta mai jikin maciji da fuskar zaki, sunansa Yaldabawot. Shi ne, a faɗarsu, ya gina wannan duniya cikin jahilci, ya kuma yi shelar cewa shi kaɗai ne abin bauta. Wasu sunayensa biyu sun tona ra'ayinsu game da shi: Saklas, wato wawa da Aramiyanci, da Samayel, wato makahon ubangiji. Sun ce shi ne Allahn da littafin Farawa ke magana a kansa. Ɗan Adam kuwa ɗan tartsatsin haske ne da aka kulle a kurkukun jiki, kuma aikin Almasihu shi ne ya tashe shi daga barci ya tuna masa asalinsa.

Kowane malami da yadda ya tsara nasa. Balantinus, wanda ya yi karatu a Iskandariyya ya kuma koyar a Roma daga wajen shekarar 140, almajiransa sun ƙirga halittun haske 30, suka kasa mutane gida uku: masu ruhi, da masu rai, da 'yan laka waɗanda ba su da rabo. Basilidis na Iskandariyya ya ce sammai 365 ne, shugabansu kuma sunansa Abrasaks. Wanda ya san hisabin abajada zai gane wasan nan take, domin haruffan Girkanci ma suna ɗauke da lambobi: 1 da 2 da 100 da 1 da 200 da 1 da 60, jimla 365, adadin kwanakin shekara. Markiyon, wanda cocin Roma ta kora a 144, bai damu da waɗannan tatsuniyoyi ba, amma shi ma ya raba Allahn Attaura da Uban da Almasihu ya bayyana, ya yi watsi da Tsohon Alkawari baki ɗaya, ya riƙe Linjilar Luka da ya tace da wasiƙun Bulus guda 10.

Tushen tunanin yana da jijiya a falsafar Girkawa. Kalmar da suke kiran mai ginin duniya da ita, "demiyurgos", wato mai sana'ar hannu, daga littafin Timayus na Aflatun suka ɗauko ta, sai dai a wajen Aflatun magini ne nagari. Wannan ɓata suna ne ya harzuƙa Aflutin, babban mai falsafa da ya koyar a Roma har zuwa wajen rasuwarsa a 270, ya rubuta musu raddi. Almajirinsa Farfuriyus ya ambaci littattafan da suke yawo da su, ciki har da Zostiriyanos da Allojenis, kuma ga su nan an tarar a cikin tulun. Saboda yawan bambancin da ke tsakaninsu ne ma masana irin su Michael Williams a 1996 da Karen King a 2003 suka yi jayayya cewa tara su a ƙarƙashin suna guda zalunci ne, domin sunan ɗariƙar kansa Turawan ƙarni na 17 ne suka ƙirƙiro shi.

Kama da wane ba ta wane

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya ya natsu. Ireniyus ya ruwaito cewa Basilidis yana koyar da cewa ba a gicciye Almasihu ba, Saminu mutumin Kurane da ya ɗaukar masa gungumen ne aka sauya wa kamanni aka gicciye. Littattafai biyu a kundi na 7 suna ɗauke da makamancin wannan. Musulmin da ya ji haka zai ga kamar ya tsinci guru a cikin suɗi, kuma na sha ganin an kafa hujja da shi a rubuce-rubucen raddi. Amma a duba dalilinsu. Sun ƙi yarda da gicciyen ne domin a ganinsu Almasihu halitta ce ta haske tsantsa wadda ta fi ƙarfin jiki da jini. Musulunci kuwa ya ɗauki Annabi Isa (AS) bawan Allah ne kuma ɗan Adam mai ci da sha. Wanda ya kira Basilidis shaida, to ya shirya sauraron ragowar shaidar: cewa Mahaliccin sama da ƙasa ƙaramin ubangiji ne jahili, kuma annabawan Bani Isra'ila 'yan aikensa ne. Babu Musulmi ko Kiristan da zai sa hannu a kan wannan. Haka nan kusancin kalmar "ginosis" da ma'arifar sufaye a lafazi ya tsaya, domin sufi yana neman sanin Mahaliccinsa ne, shi kuwa ɗan Gunusiyya gudun mahaliccin yake yi.

Akwai wasu kurakurai biyu da ke yawo tare da wannan. Na farko, Linjilar Barnaba da ake sayarwa a shagunan littattafanmu ba ta cikin tulun Nag Hammadi, kuma mafi tsufan kwafinta da aka sani na Italiyanci ne daga ƙarshen ƙarni na 16, yana ajiye a Biyana. Na biyu, labarin da ƙagaggen littafin Dan Brown na 2003 ya yaɗa, cewa Sarki Kustantin ne ya zaɓi littattafan Sabon Alkawari a taron Nikiya na 325, ba shi da tushe. Taron ya zauna ne a kan jayayyar Ariyus game da matsayin Almasihu, kuma Ireniyus ya riga ya kare Linjila huɗu kimanin shekara 145 kafin taron. A ɗaya ɓangaren, Kiristan da ke cewa tun ranar farko baki ya zo ɗaya a kan komai, shi ma tulun ya ƙaryata shi. Tarihi bai ɗauki ɓangaren kowa ba a wannan shari'a.

Kalma guda ta juya littafi

Misali mafi kyau na haɗarin fassara ya zo a 2006, lokacin da ƙungiyar National Geographic ta fitar da Linjilar Yahuza, wani kundin Ƙibɗanci da aka gano a Masar a shekarun 1970, wanda ya shafe shekara 16 yana ruɓewa a akwatin ajiyar banki a Amurka. Kafafen watsa labarai suka cika duniya cewa an wanke Yahuza Iskariyoti, ashe shi ne almajiri mafi daraja. A 2007 Farfesa April DeConick ta nuna cewa kalmar "daimon" da aka kira Yahuza da ita, wadda masu fassarar farko suka mayar "ruhi", a rubutun Kiristocin wancan zamani aljani ko shaiɗani take nufi. Da canjin wannan kalma da wasu kaɗan, gwarzon ya koma abin zargi, kuma har yau masana ba su gama daidaitawa a kai ba. A 2012 kuma aka bayyana wata 'yar guntuwar takarda da aka ce tana nuna Almasihu ya yi aure. Masana nahawun Ƙibɗanci suka gano cewa an harhaɗa ta ne daga jimlolin Linjilar Toma, har da wani kuskuren bugu da ke cikin wani kwafi na intanet, kuma zuwa 2016 ta tabbata jabu ce. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nahawu ne ya nuna ƙarshen wannan ramin.

Wa ya binne tulun?

A cikin bangon kundi na 7 an tarar da tsoffin takardun ciniki da aka cusa don ƙarfafa fatar, masu ɗauke da shekarun 341 da 346 da 348, wanda ke nuna an ɗinka kundin bayan haka. Kusa da wurin kuma akwai gidajen ruhubanawa na ɗariƙar Fakomiyus. A 367 Atanasiyus, bishop na Iskandariyya, ya aika da wasiƙar da ta jera littattafai 27 na Sabon Alkawari, ya kuma yi gargaɗi a kan sauran. Da yawa daga cikin masana suna ganin wasu ruhubanawa ne suka kasa ƙona littattafan da suke ƙauna, suka kuma kasa ajiye su, sai suka ba ƙasa amana. Wasu kuma suna ganin kayan kabari ne aka binne tare da mai su.

Aƙidar ba ta mutu da binne tulun ba. Mani, wanda aka haifa a Iraƙi a 216 ya kuma mutu a kurkukun Sarki Bahram na Farisa, ya gina addinin haske da duhu wanda ya bazu daga Arewacin Afirka har ƙasar Sin. Agustin, wanda ya zama ginshiƙin cocin Yamma, ya shafe shekara 9 a cikinsu kafin ya fita. Halifa Mahdi na Abbasiyawa, wanda ya yi mulki daga 775 zuwa 785, ya farauce su da sunan zindiƙai. Duk da haka malaman Musulunci ne suka adana mafi ingancin bayani a kansu. Ibn Nadim, a littafinsa Fihrist na wajen 987, ya bayyana koyarwar Mani dalla-dalla, ya jera littattafansa, har ya faɗi cewa a da ya san kimanin mutum 300 daga cikinsu a Bagadaza, amma a lokacin rubutunsa ba su kai biyar ba. Biruni da Shahrastani sun bi wannan hanya ta kawo maganar abokin saɓani yadda take kafin a yi mata hukunci. A yau Manda'iyawa na Iraƙi da Iran, masu girmama Annabi Yahaya (AS) da yin wankan ibada a ruwa mai gudu, su ne suka rage daga wannan dangi, kuma sunansu ma ana danganta shi da kalmar sani a Aramiyanci. Yaƙin Iraƙi na 2003 ya tarwatsa mafi yawansu zuwa Turai da Ostireliya da Amurka, harshensu kuma yana bakin kabari.

Abin da nake kira gare shi bai wuce sunnar Ibn Nadim da Shahrastani ba. A ƙasar da Musulmi da Kirista ke zaune ƙofa da ƙofa, kuma magana guda ta kan tayar da gari, bai dace mai ilimi ya ɗauko sunan Basilidis ko Barnaba daga ƙasidar da ya tsinta ya hau mumbari ko shafin jarida da shi ba. Ya nemi littafin, ya tambayi wane harshe aka rubuta shi da shi, wa ya fassara, a wace shekara, kuma me sauran shafukan ke cewa. Jami'o'inmu kuma, musamman sassan nazarin harsuna da na addinai, ya kamata su buɗe ƙofar koyar da Girkanci da Ƙibɗanci da Suryananci ko da ga ɗalibai kaɗan ne, domin mu daina zama masu jiran abin da wasu suka tauna. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah Ya sa mu dace.